Yadda Za Ka Buga Jerin Zanen Layuka a Kan Tsarin Sol LeWitt

Layi miƙaƙƙe a cikin murabba'i hanya huɗu gare shi ta asali: ya tsaya, ya kwanta, ya karkata dama, ko ya karkata hagu. Sol LeWitt, mai zanen nan ɗan Amurka da ya mutu a 2007, ya ɗauki waɗannan huɗun ya yi ta juya su shekara da shekaru, a jikin bango da kan takarda, har duniya ta san shi da su. Wanda ya fara ganin bugunsa yakan ce ai wannan ko ɗan firamare zai yi. Akwai gaskiya a maganar, kuma ba aibu ba ne, don da gangan aka tsara aikin yadda duk mai rula da haƙuri zai iya aiwatar da shi. Inda wahalar take shi ne ka kafa wa kanka ƙa'ida ka bi ta har ƙarshe, ko da zuciyarka ta raya maka wani abu a tsakiyar hanya. A nan za mu buga jeri guda cikakke, takarda 15, da kayan da ake samu wurin kafinta, mai haɗa takalma da ƙaramar maɗaba'a.

Mutumin da tsarinsa

An haifi LeWitt a 1928 a garin Hartford na jihar Connecticut. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Rasha. Ya gama karatun zane a Jami'ar Syracuse a 1949, ya yi aikin soja lokacin yaƙin Koriya, sannan ya tare a New York a 1953. A tsakiyar shekarun 1950 ya yi aiki a ofishin I. M. Pei, shahararren mai zanen gine-gine. A irin wannan ofis kowa ya san mai zanen gida ba ya kwaɓa siminti, ba ya ɗaukar bulo. Magina ne ke ɗora ginin, amma da sunansa ake kiran gidan. Wannan ya zauna masa a rai. Daga 1960 kuma ya riƙe wani ƙaramin aiki a MoMA, gidan adana zanen zamani na birnin, inda ya haɗu da Dan Flavin, Robert Ryman da Robert Mangold, waɗanda su ma suke neman sauke wa zane duk wani ado da ba dole ba.

A 1967 ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar Artforum, inda ya ce tunani shi ne injin da ke ƙera aikin: ana yanke duk shawara tun kafin a sa hannu. A 1969 ya ƙara da cewa mai zanen da ya canza ra'ayi a tsakiyar aiki ya raunana sakamakon, kuma abin da ya saba yi ne zai maimaita. A 1968 ya yi zanensa na farko a jikin bango, a zauren baje kolin Paula Cooper. Daga baya umarni kawai yake rubutawa, wasu su zana. Irin waɗannan zane-zanen bango sun haura 1,200, kuma tun 2008 ana nuna 105 daga cikinsu a gidan adana zane na MASS MoCA da ke jihar Massachusetts.

Bugu ya dace da mai irin wannan tunani fiye da kowace sana'a. Da zarar ka haɗa allon bugu guda, kana iya juya shi, ka canza masa launi, ka ɗora shi a kan wani, kuma duk lokacin da ka buga, layin ba ya sauyawa. A 1971 ya fara aiki da maɗaba'ar Crown Point Press ta Kathan Brown a Kalifoniya, kuma a shekarar ne aka fitar da jerinsa na zirin launi ta fuskoki huɗu da duk haɗuwarsu. Waɗancan a farantin ƙarfe aka yi su: a shafe farantin da abin kariya, a buɗe inda ake son layi, a tsoma cikin asid ya ci wurin, a cusa tawada a ramukan, a matse da inji mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, kada ma ka gwada. Shi kansa LeWitt ya yi bugu da katako, da lino (wani abin shimfiɗar daɓe da ake sassaƙawa), da rariyar siliki tare da mai buga masa Jo Watanabe. Mu za mu bi hanyar bugun tudu, wato inda abin da ya taso sama ne ke ɗaukar tawada, kamar hatimi. Gidan adana zane na New Britain da ke Connecticut ya sanya kundin bugunansa a intanet. Ka leƙa shi kafin ka fara, idonka zai saba.

Mataki na farko: rubuta ƙa'ida

Kafin ka sayi komai, ɗauki takarda da biro. Ga ƙa'idar da za mu bi, ka kwafe ta da hannunka:

Murabba'i mai santimita 15 kowane gefe. Ziri mai faɗin santimita 1, tsakanin ziri da ziri santimita 1. Lamba 1, rawaya, a kwance. Lamba 2, ja, a karkace dama. Lamba 3, shuɗi, a karkace hagu. Lamba 4, baƙi, a tsaye. A buga kowace haɗuwa da za ta yiwu, sau ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Launukan huɗu su ne waɗanda LeWitt ya daɗe yana aiki da su. Rabon lambar kuwa na shirya shi ne bisa yadda za mu buga, daga mai haske zuwa mai duhu. Yanzu jera haɗuwar. Ɗai-ɗai guda huɗu ne: 1, 2, 3, 4. Bibbiyu guda shida: 12, 13, 14, 23, 24, 34. Uku-uku guda huɗu: 123, 124, 134, 234. Duka huɗun tare guda ɗaya: 1234. Jimla 15. Kowane launi zai fito a takarda 8, don haka jeri guda yana cin bugu 32.

Ina ba da shawarar ka nufi jeri uku masu kyau, amma ka shirya na huɗu don asara. Wato takarda 60, bugu 128, kowane launi sau 32. Wanda ya yi wannan lissafin tun farko ba zai je tsakiyar aiki takarda ta ƙare masa ba, ya sayo wata mai farin da bai yi daidai da na farko ba.

Mataki na biyu: kaya

Wurin kafinta: guntayen katako huɗu masu santsi, kauri kamar santimita 1, kowanne 15 da 15 cif. Tsaya a kansa ya auna da sikwaya a gabanka, ka ɗora su a kan juna ka juya na sama ka gani ko kusurwa ta leƙo. Idan ta leƙo, a gyara, don wannan ƙaramin kuskuren zai bi ka cikin takarda 60 ɗin nan duka. Ka karɓi kuma faffaɗan katako guda, kamar 35 da 35, da 'yan sirara masu kauri ɗaya da guntayen.

Wurin masu haɗa takalma: fallen roba mai laushi, irin wanda ake shimfiɗawa a cikin takalmi, kauri milimita 2 zuwa 3, wanda ba shi da zane a fuska. Ka sayi gam ɗinsu ma. Masu zane a Turai lino suke sassaƙawa, amma ga miƙaƙƙen ziri yanka roba a manna ya fi sauƙi, ya fi fitowa tsaf.

Wurin maɗaba'a: tawadar injin bugu, rawaya, ja, shuɗi da baƙi. Kaɗan za ka buƙata, cokali huɗu ko biyar na kowanne, don haka ka roƙi a ɗibar maka a 'yan gwangwanaye masu murfi. Alfanun wannan tawada shi ne shara-shara ce, launin ƙasa yana ratsowa ta na sama, kuma wannan shi ne ran aikin. Ka tambaye su kuma farar tawadar nan marar launi da suke sirka launi da ita.

Sauran: ƙaramar rolar roba mai tauri, gilashin luba ɗaya ko biyu, rular ƙarfe, wuƙar yankan kwali da sababbin reza, fensir, cokalin ƙarfe, tsofaffin jaridu, tsumma, man gyada da sabulu. Takarda kuwa ta zane mai ɗan kauri, marar ƙyalli. Yanka ta 21 da 24.

Mataki na uku: haɗa alluna

Yanka robar ziri-ziri, faɗin santimita 1. Danne rular ƙarfe sosai, ka ja rezar sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi, ka riƙe ta a tsaye don kada gefen zirin ya fito a jirge. Yatsunka su tsaya a bayan bakin rula. Da ka ji rezar ta fara jan robar tana yaga ta, canza wata.

Allon kwance da na tsaye, wato 1 da 4, abu ɗaya ne. Juyi ne kawai ya raba su. Ja layuka da fensir kowane santimita 1, za ka sami gurbi 15. Manna ziri a gurbi na 1, na 3, na 5, har na 15. Ziri takwas ke nan, gibi bakwai, an fara da ziri an ƙare da ziri.

Na karkace ne ke kayar da mutane. Idan ka bi gefen katakon kana sa alama kowane santimita 1, ka haɗa alamun a karkace, gurbin da zai fito faɗinsa milimita 7 ne kawai, ba 10 ba. Ga yadda za ka yi: ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Auna rabin santimita ta kowane gefen layin, wannan ne gurbin zirin tsakiya. Daga nan ka ci gaba da auna santimita 1 kana fita waje ta ɓangarorin biyu, rular tana gicciye da layin, ba tana bin gefen katako ba. Manna zirin da ɗan tsawo ya zarce, idan gam ya kama ka kifa allon ka datse rarar daidai bakin katako. Yi guda biyu iri ɗaya. Idan ka juya ɗaya kwata, ya zama mai karkata ɗaya gefen.

Gam ɗin takalma ana shafa shi fuska biyu, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Idan ya kama ya kama, ba a ja da baya, saboda haka fara ɗora bakin zirin a kan layin fensir kafin ka sauke sauran. Kada ka ja robar tana miƙewa, za ta sirance. Ɗora musu nauyi su kwana.

Ka tuna bugu yana juya hoto: zirin da ya karkata dama a kan allo, hagu zai fito a takarda. Kada ka dogara da lissafin kai. Yi gwaji a jarida, ka ga yadda ya fito, sannan ka rubuta lambar allon da kibiya mai nuna sama a gefen katakon.

Mataki na huɗu: ma'ajin daidaito

Wannan shi ne abin da ke raba aiki mai kyau da shirme, kuma shi mutane suka fi rainawa. Takarda ɗaya za ta hau allo har sau huɗu a ranaku daban-daban, kuma dole murabba'in ya sauka wuri ɗaya kowane karo.

A kan faffaɗan katakon, kafa sirara biyu su yi kusurwa, ɗaya ta sama ɗaya ta hagu, yadda allon bugu zai shiga ya jingina da su ba motsi. Faɗinsu ya haura santimita 3. A kansu ka auna santimita 3 daga bakin allon, ka manna ɗan kwali mai kauri a nan, biyu a sama ɗaya a hagu. Su ne za su tare bakin takarda. Ta haka za ka sami fili santimita 3 a sama da gefuna, 6 a ƙasa don sa hannu. Kullum allo ya jingina da kusurwa ɗaya, kullum takarda ta shiga da kusurwa ɗaya. Don kada ka rikice, a bayan kowace takarda, a kusurwar da ke shiga, rubuta lambarta da fensir: 1, 12, 134, da sauransu. Yi wannan ga duka 60 kafin ka buɗe gwangwanin tawada.

Mataki na biyar: tawada da bugu

Jan maɗaba'a yana ɗaukar ruwan hoda, shuɗinsu kuma yana da haske kamar sararin sama. Idan kana son ja sosai, ɗiga masa rawaya kaɗan. Idan kana son shuɗi mai zurfi, ɗiga masa ja kaɗan. Baƙin kuwa ka yi tunani a kansa tun yanzu. Ziri takwas na baƙi wuluk za su binne fiye da rabin abin da ke ƙasa. LeWitt ya sha amfani da ruwan toka a gurbin baƙi, kuma ni ma shi nake so a nan: sirka baƙin da tawada marar launi har ka iya hango rubutun jarida ta cikinsa. Duk abin da ka zaɓa, ƙara shi a takardar ƙa'ida, ka haɗa wanda zai ishe ka bugu 32 a lokaci guda, don ba za ka sake dace da launin daidai ba.

Ranar farko ta rawaya ce. Ware duk takardar da ke da 1 a lambarta: 1, 12, 13, 14, 123, 124, 134, 1234, sau huɗu. Ɗebi tawada kamar ƙwayar wake ka shafa a saman gilashi. Taɓa ta da rola, ka sauko tsakiyar gilashin kana murzawa gaba da gefe, kana ɗaga rolar a ƙarshen kowane tafiya don ta juya. Kunnenka ne zai gaya maka ta yi. Idan kana jin caɓal-caɓal kuma fuskar tawadar ta yi tsika-tsika, ta yi yawa, kankare ka rage. Idan sautin ya koma siririn tsss, fuskar ta kwanta lumui ba ƙyallin jiƙa, to ta yi daidai.

Fitar da allo daga ma'aji ka shafa masa tawada a gefe, don kada ka ɓata inda takarda za ta kwanta. Bi zirin da rola a ɗan karkace, sau uku ko huɗu da hannu marar nauyi. Idan ka bi tsawon zirin kai tsaye gefen rolar na iya faɗawa gibi. Mayar da shi ma'aji. Goge yatsunka. Jingina bakin takarda da kwalayen nan uku tana ɗage, sannan ka sauke ta a hankali. Da ta taɓa tawada kada ta ƙara motsi. Dafa ta da tafin hannu ɗaya, ka shafe bayanta da ɗayan, sannan ka bi da bayan cokali kana zagayawa ƙanana. Roba tana da laushi, ba ta son danniya. Idan ka matsa da ƙarfi tawada za ta fantsaro gefen ziri ta yi masa kauri. Ɗaga kusurwa ɗaya ka leƙa. Inda bai kama ba, mayar ka ƙara murzawa. Sannan ka ɓare ta gaba ɗaya a ja guda.

Bugu biyu ko uku na farko sukan fito a koɗe kafin robar ta sha tawada, don haka yi su a jarida. Kowane bugu a sake shafa tawada.

Shanya su a ɗaki, a kan igiya ko a shimfiɗe ba tare da sun hau juna ba. A lokacin hunturu rufe taga, ƙura tana manne wa ɗanyar tawada kuma ba ta fita. Da damina bushewa takan ja lokaci. Ba su kwana ɗaya ko biyu, ka gwada da farar takarda: danna ta a kan zirin, idan ta tashi fes, lokacin buga ja ya yi. Wanke rola da gilashi da allo da man gyada da tsumma, ka bi da sabulu. Kananzir yana iya sassauta gam ya kumbura robar, ka nisanta shi da allunan.

Haka za ka bi da ja, da shuɗi, da baƙi, kowanne da ranarsa.

Inda zuciya ke fara raya maka abu

Ranar ja ce za ka fara ganin abin da ba ka zana ba. A takarda 12, duk inda ja ya hau rawaya sai ruwan lemo ya fito, a siffar 'yan lu'ulu'u masu jirge, jere reras. A 13 kore ne. A 23 zirin biyu suna gicciye da juna, sai ga ƙananan murabba'ai masu tsaye kan kusurwa, shunayya a mahaɗa, fari a gibi. A 123 farin takarda ya ragu zuwa 'yan gutsattsari, launi ya kai bakwai daga tawada uku. Ba wanda ya zauna ya tsara waɗannan siffofi. Ƙa'idar ce ta haife su, kuma ganinsu na fitowa ƙarƙashin cokali shi ne daɗin aikin nan.

A nan ne kuma jarrabawar take. Za ka ga 123 ta yi kyau har ka ji ba ka son ɗora baƙi a kan 'yar'uwarta don ta zama 1234. Za ka ga 4 ita kaɗai ta yi fayau, ka so ƙara mata wani abu. Wataƙila 234 ta yi maka duhu ka so cire ta daga jerin. Kada ka yi ko ɗaya. Takardar da ba ta burge ka ba tana da aiki: ita ce ke nuna wa mai kallo daga ina ta kusa da ita ta fito. Idan ka tsince masu kyau kaɗai, ka koma zaɓen da idonka ya saba yi tun da, kuma abin da LeWitt ya yi gargaɗi a kai ke nan. Duk sabon tunanin da ya zo maka, rubuta shi a gefe, jeri na gaba ne.

Amma a bambanta abu biyu. Takardar da ta goce daga ma'aji, ko yatsa ya ɓata, ko tawada ta yi mata dabbare, wannan kuskuren hannu ne, a ajiye ta a ɗauko ta jeri na huɗu. LeWitt bai taɓa ɗaukar sakaci a matsayin 'yanci ba. Masu buga masa ƙwararru ne na gaske. Ɗan bambancin da hannu ke kawowa kuwa, nan tawada ta ɗan fi kauri, can hatsin takarda ya leƙo, wannan a bar shi.

Sa hannu da ratayewa

Idan duk sun bushe, tace jeri uku. A ƙasan kowane murabba'i rubuta da fensir, ba biro ba: a hagu 1/3, 2/3 ko 3/3, wato jeri na nawa cikin nawa, a tsakiya lambar haɗuwar, a dama sunanka da shekara. Ragowar masu kyau ana sa musu AP, alamar gwajin mai zane. Tunda ka rubuta 3, ka yi alkawari ke nan ba za ka ƙara buga wasu ka sayar da wannan lamba ba.

Sunanka za ka sa, ba nasa ba. Zanen bangon LeWitt ma takardar shaida mai sa hannunsa ce ke tabbatar da shi. Wanda ya bi umarnin ba tare da ita ba ya yi nasa ne kawai. Idan za ka nuna aikin, rubuta cewa a kan tsarinsa ka yi.

Wajen ratayewa, bi jerin lamba. Sahu huɗu-huɗu ya fi dacewa: takarda 15 da gurbi guda a ƙarshe, inda za ka sa takardar ƙa'idar da ka rubuta da hannu. Tazara tsakaninsu ta zama ɗaya, kamar santimita 3, kuma ka nisanta su da hasken rana kai tsaye, don ja da rawaya suna saurin koɗewa. Waɗanda za ka adana, sa farar takarda tsakaninsu, ka kwantar da su a wuri busasshe.

Jeri na biyu kai za ka kafa masa ƙa'ida. LeWitt ya yi aiki da siffofi shida, cikinsu har da da'ira, murabba'i, alwatika da mustaɗili, ya yi da baka-baka masu fitowa daga kusurwa, kuma a 1974 ya fitar da duk hanyoyin da firam ɗin akwati mai gefe 12 zai kasance bai cika ba, suka kama 122. Kana iya yanka da'ira, alwatika da murabba'i a roba, kowanne da launinsa, haɗuwarsu 7 ce kacal. Ko ka miƙa wa wani ƙa'idarka a rubuce ba tare da ka nuna masa naka ba, ka ga inda rubutun ya bar ƙofa a buɗe. Sai dai ka yi lissafi kafin ka ƙara allo: biyar suna ba da takarda 31 da bugu 80 a jeri guda, shida kuwa takarda 63 da bugu 192.